Ramin da 'Yan Caina Suka Bari

Duk lokacin da na kunna rediyo na ji masana suna ta kai-kawo a kan cewa ya kamata a jawo sababbin manyan ƙasashe, irin su Sin da Indiya da Turkiyya, su shigo cikin aikin sasanta rigingimun duniya, sai in fara tsaki. Matata ta riga ta gane. Da ta ji an fara irin wannan shirin sai ta miƙa hannu ta rage murya, don ta san yanzu zan fara gardama da akwatin. Ba wai na ƙi maganar ba ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda suke faɗinta a sauƙaƙe, sai ka ce gayyatar ɗaurin aure. Ni na taɓa gwada jawo mutum ɗaya tak daga cikin mutanen nan zuwa kan tabarmar sulhu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Daura da Mai'adua, kuma har yau ban huce ba.

Lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu, 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a, sa'ad da kowa ke ganin daga yanzu kowace rigima tana da inda za a kai ta a kashe ta. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a arewacin gari, ni da yayana. Yaya ne ke nomanta, ni sai dai in leƙa ranar da babu makaranta in ba da shawarar da ba wanda ya nema. Ya kuma bar mana wani abu da ya fi gonar daɗewa, wato abotarsa da wani Bafulatani makiyayi da muke kira Baffa. Kowace kaka, da an gama kwashe gero, Baffa zai gangaro daga can tsallaken iyaka da garkensa ya sauka a gonarmu. Shanu su ci karan gero su bar mana taki, mu sha nono, shi ya samu damen gero. Haka muka taso muka tarar.

Tun muna yara mahaifinmu ya ba Baffa riƙon wata karsana. Ita da duk abin da ta haifa namu ne, nonon kuwa nasa. A wajenmu ba a tambayar mai riƙo nawa suka zama, don tambayar kanta zagi ce. Mahaifinmu bai taɓa tambaya ba har ya koma ga Allah, mu ma da aka zo rabon gado muka ce a bar su inda suke. Ni dai ko da wuƙa za ka sa mini ba zan iya nuna maka namu a cikin garken ba, Yaya ma haka. Mun dai san suna ciki, kuma hankalinmu a kwance yake.

Sai ga aikin hanya ya zo. Wani kamfani na 'yan ƙasar Sin, waɗanda mu muke ce wa 'yan Caina, ya samu kwangilar shimfiɗa kwalta ta gefen garinmu. Suka kafa sansani, suka jera kwantenoni suka mai da su ɗakuna. Mutane ne masu aiki kamar ba sa gajiya, wannan kam ba mai musu. Suna bukatar marmara, jar ƙasar nan mai tsakuwa da ake cike hanya da ita, kuma ashe ƙarshen gonarmu ita ce shimfiɗe. Suka yi ciniki da Yaya, katafila ta shiga, tifofi suka yi ta jida rani guda. Da suka gama sai ga rami wanda in ka tsaya a bakinsa mutumin da ke ƙasa yake koma maka kamar ɗan akuya. Ɓangarori uku gaɓa ce a tsaye, dutse zalla. Ɓangare ɗaya ne kawai ke da gangare, inda tifofin ke sauka, kuma wannan gangaren a cikin gonarmu yake.

Abin da ba wanda ya lura da shi sai da damina ta sauka shi ne, tudun sabuwar hanyar ya tare ruwan da ke gangarawa tsohon tafkin da shanu ke sha tun kakanni. Ruwan ya juya ya zuba a ramin. Tafki ya ƙafe tun kafin kaka ta ƙare, rami kuwa ya cika maƙil, ruwa garau har tsakiyar rani. Yaya, wanda bai taɓa noman rani ba a rayuwarsa, ya ga ruwa a bakin gonarsa sai ido ya buɗe. Ya sayo injin ban-ruwa, ya yanka fangali tun daga bakin ruwa har saman gangaren, ya dasa albasa. Maƙwabta suka roƙi gefe ya ba su. Kafin ka ce me, gangaren nan ya zama kore shar, ba inda za ka sa ƙafa, balle kofato.

Baffa ya iso a lokacin da ya saba, ya tarar da tafki ya zama tsagaggiyar laka. Ruwan da shanunsa suka sani yana nan, suna jin ƙamshinsa, amma albasa ta tsaya a tsakani. Ya zo gida ya gaishe mu kamar kullum, ya sha fura, bai ta da maganar ruwa ba. Yaya ma bai ta da ita ba. Ni da na buɗe baki na ce ya za a yi da shan ruwan shanu, sai dukansu biyu suka dube ni kamar na yi tusa a masallaci. Kwanaki Baffa yana kora garke zuwa wata rijiya mai nisa, ana ja da guga, shanu suna ramewa a idonmu.

Wata rana da rana tsaka ƙishirwa ta fi ƙarfin sanda. Shanun suka ɓalle suka bi ta cikin albasar zuwa ruwa. Yaya yana wurin. Ya ga wahalarsa ta wata da watanni ana tattaka ta, ya ɗauki gatari ya sari wata jar saniya a ƙafar baya. Babban ɗan Baffa, magidanci ne da iyalinsa, ya ɗaga sanda, masu lambu suka taso da fartanyu, sai Allah ya kawo 'yan hisba da ke dawowa daga kasuwa suka shiga tsakani. Ba a zubar da jinin mutum ba, amma saura ƙiris.

Aka je gaban alƙali. Mutum ne mai natsuwa, ya saurari kowa. Ya ce ruwan sama ba na mutum ɗaya ba ne, ba a hana dabba sha, sannan shuka ma dukiya ce, ba a tattaka ta. Ya tambayi Baffa ko yana neman diyyar saniyarsa, Baffa ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Alƙali ya ce to hukunci ba zai haƙa hanya ba, ku koma wajen dagacinku a yi sulhu. Kowa ya san maganin, har yaran da nake koyarwa. A sare gaɓar arewa, wadda ke kallon burtali, hanyar da shanu ke bi, a yi wa shanu nasu gangaren, su sha ta can, masu albasa su sha ta nan. Matasan gari sun gwada da diga, digar ce ta lanƙwashe. Aikin katafila ne, kuma katafilar tana nan a sansanin 'yan Caina, muna jin kukanta daga gida.

Dagacinmu dattijo ne mai kirki, kuma kirkin nasa ne ya kashe mu. Ya yarda za a je wajen shugaban aikin, wanda ma'aikata ke kira Manaja, ya ce ni zan yi tafinta tunda ina jin Turanci, Manajan ma yana ɗan taɓawa. Na kwana ina shirya yadda zan jera maganar. Da safe na tarar an ɗaure rago a ƙofar dagaci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ragon na mene ne?"

Ya ce, "Malam, baƙo za mu je gani. Da hannu biyu za mu je masa?"

Manaja ɗan gajere ne mai furfura a gefen kai, fuskarsa duk rana ta ƙone ta. Ya tarbe mu da fara'a, ya ba dagaci kujerarsa, ya zuba mana wani shayi kore marar sukari a 'yan ƙananan kofuna. Dagaci ya kurɓa, na ga yadda ya runtse ido, amma ya ce a gaya masa bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Ya yi godiyar hanya, ya tambayi lafiyar iyalin Manaja da ke can ƙasarsu, ya tambayi ko zafin garinmu bai dame shi ba. Ina ta fassarawa ina jiran a iso wurin. Sai kawai na ji ya ce, "To, mu za mu koma."

A hanya na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu faɗi abin da ya kawo mu ba."

Ya ce, "Haba Malam, daga zuwan farko? Sai ya ce ragon na cin hanci ne. Yau gaisuwa ce."

Bayan kwana biyu Manaja ya rama ziyara, ya kawo wa dagaci agogon bango da buhun shinkafa, ya kawo wa makarantarmu ƙwallaye. Na ce to yau ga shi har gida. Dagaci ya ce ba a tare baƙo da bukata a cikin gidanka, kamar ka ritsa shi ne. Muka sake komawa sansanin da zabi da ƙwaryar ƙwai. A wannan karon dagaci ya matso kusa, ya ce, "Ruwan nan da kuka tara mana, Allah ya saka da alheri, har ya yi mana yawa, kowa so yake ya sha." A ganinsa ya gama magana, duk mai hankali ya gane. Na fassara. Manaja ya yi murmushi har kunne, ya ce yana farin ciki da jama'a ke amfana. Ya ƙara mana shayi.

Na rasa inda zan sa kaina. Shanu na ramewa, Yaya ya fara kwana a lambu da gatari, mu kuwa muna ta musayar zabi da agogo. Ranar wata Asabar na ɗauki kekena na tafi sansanin ni kaɗai, ba rago ba zabo. Na zauna na zayyana wa Manaja komai, tun daga tafkin da ya ƙafe har saniyar da aka sara. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, ashe ya sani. Direbobinsa 'yan garinmu ne, ba abin da bai ji ba.

Ya ce, "Malam, mu baƙi ne. Tun daga gida ake ja mana kunne cewa kada mu sa hannu a cikin rigimar masu gida. Turawan da suka zo muku kafin mu, su ne masu gaya muku yadda za ku zauna. Mu ba haka muke ba. In na sare gaɓar nan yau, masu albasa za su ce na bi bayan masu shanu, su ce ruwansu zai ragu. Gobe a jefi tifata da dutse."

Na ce, "Manaja, wa ya juya ruwan? Aljanu? Hannunka yana cikin rigimar nan tun ranar da katafilarka ta fara haƙa. Yanzu da aka zo gyara ne ka tuna kai baƙo ne?"

Ya yi ta juya kofinsa. Ban ga alamar mugunta a fuskarsa ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi, don da mugu ne da na san yadda zan tsane shi. Can ya ce, "Sarkinku ya zo nan ba sau ɗaya ba, godiya kawai yake yi. Kai malamin makaranta ne, kuma ƙanin mai albasa. In shi ya faɗa da bakinsa cewa yana so, gobe da safe katafila za ta je. Aikin bai kai wuni ba."

Na taka keke kamar zan karya shi, na faɗi gaban dagaci na ce an gama, kalma ɗaya ake jira daga bakinsa. Ya ce madalla. Ya ce ai ga bikin sallamar da gari zai yi wa 'yan Caina nan tafe, tunda aikinsu ya zo ƙarshe, a nan zai faɗa a gaban kowa. Ban so jinkirin ba, amma na ce ko ba komai an sa rana.

Ranar bikin aka shimfiɗa tabarmi a filin makaranta. Masu lambu suka zauna gefe guda, Yaya a gabansu ya sha mur. Baffa da mutanensa suka tsaya can baya, jingine da sandunansu. Katafilar tana bakin filin, an wanke ta tas ana jiran motar da za ta ɗauke ta. Dagaci ya miƙe ya yi godiya mai tsawo, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Akwai kuma 'yar wata magana." Na shirya fassara. Ya dubi masu albasa, waɗanda da su yake sallah kullum, ya dubi Fulanin da ke baya, ya dubi Manaja. Sai ya ce, "Amma baƙo mai shirin tafiya ba a ɗora masa kaya. Allah ya kai ku gida lafiya."

Ban fassara wannan ba. Na juya na ce wa Manaja da Turanci maganar gaɓar ce yake nufi. Manaja ya miƙe tsaye, ya ce in tambayi sarki a fili, yana so a sare gaɓar ko ba ya so? Na tambaya da ƙarfi yadda har na baya za su ji. Kowa ya zuba wa dagaci ido.

Dagaci ya ce, "Gaya masa duk abin da ya ga ya dace, mu masu godiya ne."

Na gaya masa. Manaja ya ce, "Gaya masa garinsa ne, duk abin da ya yanke shi za mu yi."

Na gaya masa. Dagaci ya ce, "Ai mu ba ma yi wa baƙo umarni."

Manaja ya ce su ma ba sa yi wa mai gida shisshigi.

Ina tsaye a tsakaninsu ina juya kai kamar mai kallon ƙwallo, gumi na zuba, ga katafila ina kallonta. Wallahi da na iya tuƙa ta da na hau. Na ce da Hausa, ba da kowa ba kuma da kowa, "Jama'a, mutum biyu duk sun yarda, a rasa wanda zai ce a yi?" Wani dattijo ya ja mini riga ya ce in zauna, ina ba gari kunya a gaban baƙi. Aka kawo lemo. Aka yi hoto, dagaci da Manaja suna riƙe da hannun juna, kowannensu yana ganin ya fita kunyar ɗan'uwansa. Da na waiwaya baya, Baffa ba ya nan.

Washegari motar ta zo ta ɗauki katafila. Ta wuce ta kan sabuwar kwaltar, ta gefen ramin, yara suna bin ta suna ɗaga hannu.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, muna zaune a ƙofar gida ni da Yaya sai muka hango Baffa tafe, yana kore da wasu shanu, ba garken duka ba. Sun fi yadda na taɓa zato yawa. Ya yi sallama, muka amsa, na shimfiɗa masa tabarma ya ce a'a, a tsaye yake. Ya ce za su koma tsallake, can wajen dangin matarsa akwai mashaya, kuma ba ya jin za su sake gangarowa. Ya ce amana ce ya kawo.

Yaya ya ce, "Haba Baffa, wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni, ɗana. Shi ya sa na kawo da kaina."

Sai ya fara nuna su da sanda ɗaya bayan ɗaya. Wannan 'yar wance ce, wance kuwa jikar karsanar mahaifinku. Wannan bijimin uwarsa ta mutu shekarar da aka yi ƙarancin ruwa. Wannan tana da ciki, a kula da ita, ba ta son dusa. Yana yi muryarsa ba ta canza ba, kamar mai karanta wa yara sunayen kakanninsu. Ni dai na kasa haɗa ido da shi.

Ta ƙarshe tana can baya, ta kasa tarar da sauran. Ja ce, tana jan ƙafar baya, an ɗaure wurin da tsumma. Yaya ya miƙe tsaye a hankali. Baffa ya jira har ta iso, ya shafa ta, ya kama igiyar da ke wuyanta ya sa a hannun Yaya.

Ya ce, "Wannan ita ta fi kama da ta farkon. Mahaifinku da ya gan ta da ya gane ta."

Yaya ya ce, "Baffa, a gaban alƙali ka ce ka yafe."

Ya ce, "To me zan ce? In nemi diyya a hannunka a kan saniyarka, a gaban mutane?"

Ya yi mana sallama ya juya. Muka bi shi da ido har ya sha kwanar masallaci. Yaya yana tsaye da igiya a hannu, ga shanu cike da ƙofar gida suna kuka, mu kuwa ko turke ɗaya ba mu da shi, kuma a cikinmu ba wanda ya iya tatsa. Da azahar ƙishirwa ta kama su. Yaya da kansa ya kora su zuwa ramin, ya tsaya a saman gangaren ya daɗe yana kallon albasarsa, sannan ya sa ƙafa ya ture shingen da ya yi wa albasar, ya bi da su ta tsakiyar fangalin, jar tana ɗingishi a bayansa.